Ranar da Kaka ta Goyo Muhsinat

Salamu alaikum jama'ata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ba na son Walid in turo mata lambarsa. Hajiya ki yi haƙuri, ni ma ban gama shawara ba. Ku kuma da yau kuka fara karanta ni, bari in faɗa muku ko ni wace ce kada ku ɓace a hanya. Sunana Kellu, shekarata ashirin da huɗu, ina Gwange cikin Maiduguri, a gidan mahaifina. Aikin rigakafin yara nake yi a wani ƙaramin asibiti da ke bakin unguwarmu. Maza biyu ke nemana, Walid mai mota da Mukhtari mai kemis. Mahaifiyata, wadda muke kira Hajja, tuni ta zaɓar min mai motar a zuciyarta.

Labarin Talatar da ta wuce zan ba ku.

Talata ce ranar rigakafi a wajenmu, don haka daga sallar asuba ban koma ba. Sanyin Janairu ne, irin wanda ruwan randa ke cizon hannu. Na hura gawayi na goge farar rigar aikina, na naɗa lafaya mai ruwan zuma da ƙananan furanni, wadda Anti Safinatu matar yayana ta ba ni da sallah. Na tsaya kan kasko turare ya kama ni, na ɗiga humra a bayan kunne. Kada wani ya ce min ai aiki za ni ba biki ba. 'Yar Barno ce ni, ko shara zan kai bola sai na yi ƙamshi.

Na fito na tarar da Hajja a bakin murhu tana dafa shayi, ta lulluɓe da mayafi biyu. Na durƙusa na gaishe ta. Ko gama amsawa ba ta yi ba ta ce,

"Uwar Walid ta sake bugowa jiya."

"To, Hajja."

"To Hajja me? Karo na uku ke nan babbar mace tana kirana, ni kuma kullum amsar ɗaya, yarinya tana tunani. Tunanin me? Taurari kike ƙirgawa?"

"Hajja, ai kin ji abin da ya ce. In na shiga gidansa, in ajiye aiki."

"To sai me? Aikin da za ki tsaya tun safe har azahar 'ya'yan mutane na miki tumbuɗi a jiki? Ubansa tirela yake lodawa da shanu zuwa kudu, gidansu get biyu. Wata ke nema da addu'a."

Na sunkuyar da kai ina juya shayina. Gaskiya zan faɗa muku, Walid ba mugu ba ne. Yana da kunya, yana girmama iyayena, bai taɓa gaya min baƙar magana ba. Shi dai a ganinsa aikina wahala ce da zai cire ni daga ciki. A daidai lokacin ma saƙonsa ya shigo:

"Gimbiya ina kwana. Da sanyin nan ma za a fita ɗiga wa jarirai ruwa a baki? Ki ba ni dama in hutar da ke."

Na rubuta masa "Lafiya lau, na gode." Ban ajiye wayar ba wani saƙon ya faɗo, na Mukhtari:

"Likita barka da asuba. Yau ma da ƙorafinki na buɗe shago. Katan biyu na ruwan gishiri da suga na masu gudawa suna kallona ina kallonsu tun watan jiya. Allah ya isa ban ce ba, amma saura kaɗan."

Oh ni Kellu. Na yi ƙoƙarin haɗiye dariyar, shayi ya sarƙe ni. Hajja ta ɗago ta dube ni.

"Mai kemis ɗin ne ko?"

Na ajiye kofin ina goge baki.

"Ɗan Zabarmari. Gidan haya ɗaki biyu, uwarsa da ƙannensa duk a ciki, tunda rikici ya koro su daga gonar shinkafa. Ke kam ban san wa ya miki baki ba."

Na ɗauki jakata na ce sai na dawo. Ina bi ta ƙofar ɗakin Anti Safinatu ta ɗaga labule kaɗan, ta nuna min yatsunta goma. Na gyaɗa kai. Ƙarfe goma ke nan.

Dole in tsaya nan in ba ku tushen wannan ƙus-ƙus ɗin namu.

Shekara huɗu da suka wuce, da sanyi irin wannan, Anti Safinatu na da yaro ɗan wata takwas, Habib. Ƙato, mai kumatu, ya fara rarrafe ke nan. Ranar Laraba ya fara amai, kafin yamma gudawa ta biyo baya, ruwa zalla. Kowa a gidan ya ce haƙori ne, zai wuce. Ranar Alhamis maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka zurma. Ranar Juma'a muka kai shi asibiti, aka yi ta neman jijiya a hannu da ƙafa har da ka, kafin la'asar ya cika. Lokacin ina ajin farko a makarantar koyon aikin lafiya. Na san sunan abin da ke cinsa a littafi, amma ban iya tsinana masa komai ba.

Kakarmu ce ta yi masa wanka. Kaka mahaifiyar Baba ce, kuma ita ce mai wankan gawa a layukanmu. In mace ta rasu ko jariri, ƙofarta ake bugawa. Tana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cikinsa farin yadi da sabulu da kafur da ganyen magarya. Shekararta ta haura saba'in, ba ta karɓar ko kwabo a kan wannan aiki, kuma ba ta tsoron faɗa wa kowa gaskiya.

Maganar rigakafi kuwa, ra'ayinta ɗaya ne tun fil azal. "Kwana in ya ƙare ya ƙare. Na wanke wanda aka yi wa allura, na wanke wanda ba a yi wa ba."

To da Allah ya sake ba Anti Safinatu haihuwa bayan dogon jira, aka samu Muhsinat, Kaka ta kafa doka ranar suna: ban da nono da ruwan zamzam, kada wanda ya saka wa yarinyar nan komai a baki. Ni kuwa a asibitinmu shekara ɗaya da rabi ke nan muna ba da rigakafin rota, na gudawar jarirai, irin wadda ta ɗauke Habib. Ɗigo ne a baki, sau uku, a sati shida da sati goma da sati sha huɗu. Muka je wa Yaya Ba'ana, uban yarinyar, da maganar. Ya ce, "Ku yi. Amma in Kaka ta tambaya, ban ji ba ban gani ba." Haka muka yi na farko da na biyu da sunan an je awo. Katin kuma Anti ta ɓoye shi a ƙasan kwallar turarenta. Ranar Talatar nan ce ta uku, ta ƙarshe.

Na isa asibiti bakwai da rabi, mata sun riga sun cika benci har sun zauna a kan baranda. Wasu daga sansanin 'yan gudun hijira, wasu tun daga Khaddamari suka biyo motar farko. Sista Margaret, shugabarmu, tana gaban firjin sola tana duba sanyinsa. 'Yar Lassa ce, shekararta ashirin da shida a wannan aiki, Kanuri kuwa ta fi ni iyawa.

"Kellu 'yata, kin zo da ƙamshinki. Ɗauko kula ki jera ƙanƙara, yau mutane sun yi yawa."

Muka fara. Uwa ta zauna, ta kwantar da yaro a cinya, in matse kumatunsa kaɗan baki ya buɗe, in ɗiga biyar, in jira ya haɗiye, sannan a yi allurar cinya a rubuta a kati. Wasu su lashe baki kamar an ba su alewa, wasu su tsuke fuska su dube ni kamar na ci musu bashi tun a duniyar farko. Wallahi jama'a ina son aikin nan. Ban san yadda zan fahimtar da Walid ba.

Kusa da teburina akwai ɗakin ƙarin ruwa, gado huɗu ne a ciki. Shekarar da na fara aiki, in sanyi ya shigo, yara bibbiyu muke kwantarwa a gado ɗaya, iyaye mata a ƙasa kan zannuwansu, ledar ruwa a rataye har jikin ƙusar taga. Ranar Talatar nan yarinya ɗaya ce a ciki, ita ma zazzaɓin sauro ne. Gado biyu ma Sista ta sa an jera musu katan-katan na gidan sauro don ba inda za a ajiye.

Wata mata mai sayar da ƙosai daga Khaddamari, ina ɗiga wa jaririnta ta ce,

"Malama, in tambaye ki mana. Wannan na goye shi aka yi wa. Amma yayansa ɗan shekara uku ba a yi masa ba, an ce ya wuce. Duk sanyi sai ya kwanta da gudawa, bara sati biyu ban kafa kasko ba ina jinya. Bana ko sau ɗaya. Ko ta nono yake bi ya shiga sauran?"

Matan benci suka kwashe da dariya. Sista Margaret ta ajiye biro ta ce,

"Ba ta nono ba ne. Ciwon nan jarirai ne suka fi kamawa, su kuma suke raba wa gida, daga wankin zane zuwa kwanon abinci. In jaririn bai ɗauko ba, wa zai kawo wa yayansa? Har tsofaffi suna samun sauƙi. Amma ku ji ni da kyau, ba kowace gudawa yake tarewa ba. Kwalara na nan, ruwa mai datti na nan. Wadda ta daina wanke hannu don an yi wa ɗanta ɗigo, ni da ita ne."

Wajen tara da rabi Mukhtari ya tsallako titi, don kemis ɗinsa na kallon ƙofarmu ne. Dogo ne siriri, kullum cikin kaftani mai ruwan toka, hular zanna ta ɗan karkace gefe guda kamar ita ma tana sauraron hira. Ya kawo mana fulas ɗin shayi, ya ajiye kan taga kamar yadda ya saba.

"Sista ina kwana. Likita, sannu da karya min kasuwa."

"Malam Mukhtari, ka ji tsoron Allah. Ni na ce ka sayo katan biyu?"

"Bara warhaka kwana goma ba sa yi. Yanzu na koma sayar da pampas da man shafawar jarirai. Jiya wata ta ce in zaɓar wa 'yarta hoda mai ƙamshi. Ni, da na yi karatun magani."

"To ka yi kuka mana."

Ya yi murmushi, ya dubi matan da ke benci da 'ya'yansu. Ya rage murya ya ce, "Ai kin san wasa nake. Na gaji da ganin mace ta zo a guje da yaro ya yi laushi a kafaɗa tana cewa in taimake ta. Pampas ɗin ya fi min daɗin sayarwa."

Irin wannan maganar ce ke kashe min jiki, ku da kuke cewa me na gani a jikin mai kemis.

Goma ta yi, ba Anti. Goma da kwata wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙonta ne:

"Kellu an shiga uku. Kaka ta zo neman turare ta ga katin. Ba ta ce min komai ba, ta goya Muhsinat ta fita da katin a hannu. Hajja ma ba ta san inda ta nufa ba."

Kaka ba ta karatun boko, amma katin rigakafi ai ko makaho ya shafa ya san shi. Na fara hasko ta a gidan wani mai maganin gargajiya da ke bayan layinmu, ana ɗura wa yarinya jiƙo wai a wanke mata ciki. Na hasko taron gida da yamma, ana tsayar da Anti a ce ta ci amanar tsohuwa, ni kuma a ce ga abin da aikin ke koya min. Hajja ta samu hujjar da take nema ke nan. Na kira Anti, kuka take yi. Na ce ta kira Yaya Ba'ana, ta ce wayarsa a kashe.

Sista ta dubi fuskata ta ce, "Ajiye kwalbar nan kafin ki ɗiga wa yaro a hanci. Me ya faru?"

Ina cikin gaya mata sai na ji matan baranda suna "Lale, Kaka, lale," suna matsawa. Na leƙa.

Ga Kaka nan a ƙarshen layi. Ta sha baƙar lafayarta ta zuwa unguwa, carbi a wuya, Muhsinat a baya an ɗaure ta da zane da majanyi, an sa mata hular sanyi ja. Katin na hannunta ta riƙe shi a juye. Matan unguwa duk sun san ta, wace ce ba ta taɓa shiga gidanta ranar baƙin ciki ba? Suka ce ta wuce gaba. Ta ce a'a, ita ma layi za ta bi kamar kowa.

Mutum tara ne a gabanta. Ban taɓa ganin mutum tara masu tsawo irin waɗannan ba.

Da layi ya zo kanta ta kwance goyon da kanta, ta zauna, ta miƙa wa Sista katin ba tare da ta kalle ni ba.

"Wushe, Kaka," in ji Sista, tana gaishe ta da Kanuri.

"Wushe, 'yar nan. Duba min, nawa aka yi wa yarinyar nan a bayan idona?"

"Biyu, Kaka. Saura ɗaya, yau ne ranarsa."

Sai a lokacin ta juyo gare ni. "Awo ko? Ke da Safinatu kun mai da ni tsohuwar banza."

"Kaka ki yi haƙuri, wallahi tsoro muka..."

"Rufe min baki, ban gama ba." Ta gyara wa Muhsinat hula. "Kin san duk shekara in sanyi zai shigo ina sayen yadi in yayyanka ƙanana in ajiye, don kada a zo a tashe ni in tsaya neman almakashi. Shekarar Habib goma sha ɗaya na yanka, ba su isa ba. Bana na yanka takwas. Shekaranjiya na buɗe akwati zan ɗauki kafur, na ga bakwai suna nan yadda na ninke su. Ɗayan ma da na ɗauka, bakwaini ne, ko kwana bai yi ba."

Ta dubi matan benci ta ci gaba.

"Na zauna ina tambayar kaina, mutuwa ce ta manta hanyar Gwange? Na bi gidajen da na san an haihu, gida-gida, da sunan barka. Kowace na tambaya sai ta ɗauko min irin takardar nan. Na dawo ina cewa a raina, kowa ya kai nasa, ni na hana a kai tawa. Kwana biyu ban ji daɗin abinci ba. Yau na shiga ɗakin Safinatu da niyyar in ce ta shirya mu zo, kunya ta hana ni, na ce turare nake nema. Sai ga takarda a ƙasan kwalla."

Ta ɗago Muhsinat ta kwantar a cinyarta, ta matse mata kumatu da yatsu biyu, daidai yadda ta ga ina yi wa na gabanta.

"Kwana na Allah ne, wannan ban canja ba. Amma shi ya ce a nemi magani. Zuba mata. Kuma ki cika, kada ki rage don tamu ce."

Na ɗiga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Muhsinat ta lashe baki ta yi atishawa. Idona ya cika har ban ga layin katin ba, sai Sista ce ta rubuta. Da aka yi allurar cinya yarinya ta tsala ihu, Kaka ta harari Sista kamar za ta rama mata, mata suka yi ta dariya.

Na ɗauka shi ke nan. Na fito rakiya zan tsayar mata da keke, sai ta tsaya a bakin titi ta nuna da haɓa.

"Wancan ne shagon?"

"Wane shago, Kaka?"

"Wanda uwarki ke kwana tana tashi da shi a baki."

Kafin in ce wani abu ta tsallaka. Na bi ta a baya ina addu'a. Mukhtari na ganinmu ya zagayo daga bayan kanta, ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa, ya jawo mata kujerarsa.

"Kai ne Mukhtari?"

"Ni ne, Kaka."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Malam Inuwa, na Zabarmari. Allah ya yi masa rasuwa, mahaifiyata na nan tare da ni."

"Allah ya jiƙansa. An ce jikata ta kashe maka kasuwa."

Ya saci kallona. Ni kam ƙasa nake kallo, ina nazarin tsakuwa.

"Wasa nake mata, Kaka."

"Ni ma ta kashe min tawa, ban yi fushi ba. To in aka ba ka ita, aikin fa?"

"Kaka, a bakin aikin na gan ta. In na raba ta da shi, ai ba ita na aura ba. In ta yarda ma ni zan riƙa rako ta da safe, hanyarmu ɗaya."

"Ɗaki biyu aka ce, da uwarka da ƙannenka."

"Haka ne. Na kama wani ɗaki da falo a layin bayanmu, ana gyaran rufi. Ba babba ba ne, ba zan yi miki ƙarya ba."

Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce ya ba ta man zafi na gwiwa. Ya ɗauko ya ce kyauta ne, ta ce ita ba a saye ta da man zafi, ta kwance bakin lafaya ta biya, ta ce in tsayar mata da keke.

Ko minti biyar ba a yi ba saƙo ya shigo: "Likita, na ci jarrabawar ko na faɗi? Gwiwata har yanzu rawa take, ni ya kamata in shafa man."

Na rubuta: "Ni ma ban sani ba."

Bayan la'asar na koma gida na tarar an baza babbar tabarma a tsakar gida, inda rana ke sauka. Anti Safinatu na ba Muhsinat nono, idonta ya kumbura amma tana murmushi. An dafa burabisko da miyar kuka, ƙamshin man shanu ya cika gidan. Baba ya dawo daga kasuwa yana zaune kan buzunsa da kofin shayi. Shi Baba mutum ne da zai yini bai yi magana goma ba, tunda aka fara zancen aurena abin da ya ce kawai shi ne ba zai yi min dole ba. Na canja kaya na sa doguwar riga ta atamfa, na zo na rakuɓe a bayan Anti.

Kaka ta bari aka gama ci aka wanke hannu. Sannan ta ba da labarin yadin nan bakwai tun daga farko, ba ta rage komai ba, har da cewa ita ce ta yi kuskure. Ban taɓa jin Kaka ta faɗi haka ba tunda aka haife ni. Ta ƙare da cewa,

"Don haka duk mai son Kellu, da kularta ta rigakafi zai ɗauke ta. Wanda ba ya so, ga 'yan mata nan cike da gari."

Hajja ta ajiye kwanon da ke hannunta. Na zaci faɗa za ta yi, sai na ji muryarta ta yi sanyi.

"Kaka, ba kuɗinsu nake kwaɗayi ba, Allah ya sani. Shekara nawa muka yi a garin nan in yaro ya fita ba ka da tabbacin zai dawo? Ni so nake in san 'yata na cikin gida, bayan get, ba ta bakin titi kullum. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne," in ji Kaka. "Amma Habib a cikin gida yake, a kan cinyarmu, abin ya zo ya same shi."

Anti ta sunkuyar da kai kan 'yarta. Hajja ta share ido da bakin mayafi, ta jawo kwanon ta ci gaba da kwashe sauran abincin. Ba ta ce ta yarda ba, kada ku yi saurin yi min guɗa. Amma da ta zo wucewa ta kusa da ni ta dafa kaina, abin da ta yi wata biyu ba ta yi ba.

Baba ya kurɓi shayinsa ya ajiye kofin.

"Kellu."

"Na'am, Baba."

"Shi Walid, da kaina zan je in samu mahaifinsa mu yi magana ta mutunci, ko ya janye sharaɗin ko ya haƙura. Shi kuma wannan na kemis, kina da lambarsa?"

Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "E, Baba."

"Kira shi."

"Yanzu?"

Hannu kawai ya miƙo. Na lalubo sunan, na gode wa Allah da "Mai Kemis" kawai na rubuta ban ƙara komai ba, na danna na ɗora masa wayar a tafin hannu. Baba bai iya riƙe waya a kunne ba, kullum a buɗe yake sa ta, don haka duk tsakar gidan muna jin tana ringi. Ɗaya. Biyu. Kaka na jan carbi, Hajja ta tsaya cak a ƙofar kicin da kwano a hannu.

Aka ɗauka. Muryar Mukhtari ta fito fes, cike da fara'a:

"Likita! Yanzu nake cewa ko kin manta da marar lafiyarki, tun rana zuciyata ke..."

Baba ya yi gyaran murya.

"Ba likita ba ce. Ubanta ne."